Yadda Za Ka Koyar da Ilimin Muhalli a Wajen Aji a Birnin Kano

Wata rana ina koyar da 'yan aji biyar darasin kwararowar hamada, na cika allo da rubutu, yara suna ta kwafa. Da na gama sai na nuna bishiyar da ke bakin taga na ce, wa zai faɗa mini sunanta? Cikin yara sama da saba'in, uku ne suka ɗaga hannu, biyu daga ciki suka ce darbejiya, alhali maɗaci ne. Na ce to, su wa ke zaune a Ɗorayi? Hannuwa suka tashi. Wa ya taɓa ganin bishiyar ɗorawa? Ajin ya yi tsit. Ga shi kuwa daddawa kullum tana cikin miyar gidajensu. Abin ya tsaya mini a rai. Tun daga ranar na fara fitar da yara waje, kuma abin da zan rubuta a nan shi ne hanyar da na ga tana aiki ga malami ko malamar da ba su da motar makaranta, ba su da ɗakin gwaje-gwaje, sai alli da aji cike maƙil.

Kafin komai, ka cire tunanin cewa sai an yi hayar bas an tafi dajin Falgore ko madatsar ruwa ta Tiga sannan an yi karatun muhalli. Tafiya irin wannan tana da daɗi, amma sau ɗaya ake yin ta a shekara in ma an samu kuɗin. Abin da ke zama a kan yaro shi ne wurin da yake komawa mako bayan mako, yana aunawa, yana rubutawa, har ya ga canji da idonsa. Harabar makarantarku da lungunan da ke kewaye da ita sun ishe ku shekara guda cur.

Fara zagaye kai kaɗai

Mataki na farko naka ne, ba na yara ba. Ka ɗauki littafi da biro bayan an tashi, ka zaga harabar, sannan ka fita ka bi duk inda tafiyar minti goma za ta kai ka. Rubuta bishiyoyin da ka gani da sunayensu, wanda ba ka sani ba ka tambayi maigadi ko wani dattijo a bakin masallaci. Duba inda ruwan kwatar makaranta yake bi, inda ake zubar da shara, inda ruwa ke kwanciya da damina, inda akwai inuwar da za ta ɗauki yara talatin a zaune. Ka kuma lura da abin da zai iya cutarwa: kududdufi, buɗaɗɗiyar rijiya, kwalbatin da ba shi da murfi, titin da adaidaita sahu ke gudu, waya mai lilo.

Daga nan ka zaɓi wurare uku kacal. Ni nakan ɗauki gindin bishiya ɗaya, bakin magudanar ruwa ɗaya, da fili ɗaya da rana ke duka. Su ne za su zama ajinku na waje.

Izini da tsari

Kada ka fita da yaro ko ɗaya daga ƙofar makaranta ba da sanin hedimasta ba. Ka je masa da takarda a hannu, ka nuna masa darasin da ke cikin manhaja wanda fitar za ta cika: awon tsawo a lissafi, sassan tsiro a kimiyya, ire-iren ƙasa a darasin noma, rubutun insha'i a Hausa. Idan ka ce, "Ranka ya daɗe, so nake yara su sha iska," zai ce lokaci ya ƙure. Idan ka ce, "Ranka ya daɗe, darasin mako na huɗu ne za mu yi a gindin maɗaci, ga abin da kowane yaro zai rubuto," da wuya ya hana.

In za a fita unguwa, sai an sanar da iyaye a rubuce, an kuma gaida mai unguwa an faɗa masa rana da lokaci. Wannan gaisuwar kada ka raina ta. Shi ne zai sa matasan layi su tare muku hanya, shi ne kuma zai nuna maka tsohon da ya san tarihin wurin. Idan akwai 'yan mata a ajin, lallai a samu malama a cikin tafiyar, iyaye sun fi samun natsuwa.

Yawan yara shi ne babbar matsalarmu, ba sai an ɓoye ba. Aji mai tamanin ba ya fituwa gaba ɗaya. Ka haɗa kai da wani malami, ya riƙe rabi a ciki da aikin rubutu, ka fita da rabi, mako mai zuwa a sauya. Waɗanda suka fita ka raba su shida-shida ko bakwai-bakwai, kowane rukuni da shugaba, da mai rubutu, da mai riƙe kayan awo, da mai zane. Yaron da ba a ba shi aiki ba shi ne zai fara jifan ƙadangare. Ka ƙidaya su a ƙofa lokacin fita, ka ƙidaya a wurin aiki, ka sake ƙidayawa da an dawo.

Lokaci kuma tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya ɗara, saboda haka da bazara kada fitar ta wuce rabin awa, kuma kowa ya zo da ruwansa. Da hunturu ka san masu asma tun kafin ranar, in hazo ya yi kauri a fasa. Kayan aiki ba su da yawa: tsohon littafi na musamman ga kowane rukuni, fensir, rula, igiya mai ƙulli a kowace mita, sanda mai tsawon mita ɗaya, gwangwanaye da robobin ruwa, sabulu da buta don wanke hannu.

Bi yanayi, kada ka bi shafin littafi kawai

Shekarar karatu tana farawa da ƙarshen damina, ta ratsa kaka da hunturu da bazara, ta ƙare da sabuwar damina. Wannan kyauta ce ga malami, domin kowane zango da darasinsa.

A zangon farko ku yi rajistar bishiyoyi. Kowane rukuni ya ɗauki bishiya ɗaya ta zama tasa. Su zana ganyenta, su shafa fensir a takarda a kan ɓawonta, su auna kaurinta da igiya daidai ƙirjin babban mutum. Tsawonta kuwa da inuwa ake samu. A kafa sandar nan mai mita ɗaya a rana a auna inuwarta, nan take a auna inuwar bishiyar. Idan inuwar sanda ta kai mita ɗaya da rabi, ta bishiya kuma mita goma sha biyu, sai a raba sha biyu da ɗaya da rabi, tsawon bishiya mita takwas ke nan. Na ga yaron da rabawa ke ba wa wuya a allo ya yi wannan lissafin a ƙasa da tsinke, don kawai yana son bishiyarsu ta fi ta ɗaya rukunin tsawo.

Su riƙa komawa wurinta duk bayan mako biyu suna rubuta abin da ya canza: ganye, fure, 'ya'ya, tsuntsayen da ke sauka, ƙwarin da ke hawa. In Allah ya sa akwai gawo kusa da ku, kun yi dace. Shi yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Kada ka faɗa musu, bar su su gano, sannan ka tambaye su dalilin da ya sa manomi ke barin gawo a tsakiyar gona.

Da hunturu ya shigo sai darasin ƙura. A yanka farin kwali kamar tafin hannu, a shafa masa basilin sama-sama, a rataye ɗaya a bakin titi, ɗaya a cikin aji, ɗaya a gindin bishiya mai duhuwa, ɗaya kusa da inda ake ƙona shara ko inda janareta ke aiki. Bayan kwana uku a jera su a kan tebur. Ba sai ka yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. Daga nan maganar tari da ciwon ido da ƙona leda za ta taso da kanta.

Da bazara, inuwa. Zuba ruwa daidai wa daida a gwangwani biyu, ɗaya a gindin bishiya, ɗaya a kan siminti ko intalok a rana. Bayan awa guda a sa ma'aunin zafi in akwai, in babu yatsa ma ya isa. Sai tambaya ta biyo: me ya sa masu shayi, masu faci da masu jiran mota duk suke taruwa a inuwar darbejiya, kuma wa ya dasa ta?

Ruwan sama da inda yake tafiya

A nan nake son in daɗe, domin babu abin da ya shafi rayuwar yaran birni kamar ruwa. Da rani suna bin 'yan garuwa, da damina kuma ruwa na shiga ɗakunansu. Ruwan Kano yakan fara ne wajen Mayu ko Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Tun kafin ya sauka ka sa su lura da zuwan shamuwa, su rubuta ranar da suka fara ganinta da ranar da aka yi ruwan farko.

Ku haɗa ma'aunin ruwan sama. Nemi robar ruwa babba mai miƙaƙƙen jiki, yanke samanta, kifa shi a ciki ya zama mazurari. Zuba tsakuwa a ƙasa don kada iska ta kayar da ita, ƙara ruwa har ya rufe tsakuwar, ka ja layi a nan, shi ne sifili. Manna rula daga layin zuwa sama. A ajiye ta a fili, nesa da indararo da rassan bishiya. Kullum ƙarfe takwas yaro ɗaya ya karanta, ya rubuta milimita nawa, ya zubar ya maido ruwan kan layi.

Ga inda abin yake burge yara. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ku auna rufin ajinku, a ce mita tara ne da mita bakwai, murabba'in mita 63 ke nan. Idan an yi ruwan milimita 20 da daddare, lita 1,260 ta zubo daga wannan rufin kaɗai, wato kimanin jarka hamsin mai lita 25. Ranar da muka fara wannan lissafin, wata yarinya ta daɗe tana kallon kwanon rufin, sannan ta ce, "Malam, ke nan jiya mun zubar da ruwan da Umma take saye na sati biyu?" Ita ce ta sa muka nemo tsohon duro muka kafa a ƙarƙashin indararo. In kun yi haka ku rufe bakinsa da murfi ko yadi saboda sauro, kuma ruwan na ban shuka ne da wanke allo, ba na sha ba.

Sai ku bi sawun ruwan. Washegarin da aka yi ruwa, ku fita ku ga inda ya bi daga harabar zuwa kwata, daga kwata zuwa babbar magudana, ku tsaya inda ya toshe. Yara su ƙidaya da ido abin da ya toshe shi a tsawon mita biyar: ledar fiya wata nawa, baƙar leda nawa, roba nawa, yashin gini. Ba a taɓa komai da hannu, domin akwai fasassun kwalabe, wani lokaci har da allura. Ka bayyana musu cewa ruwan kwatocin cikin birni da yawa Jakara yake faɗawa, na yankin masana'antun Bompai yana bi ta Getsi ya haɗu da ita, su nufi madatsar Wasai a Minjibir, kuma a gefen wannan ruwa ake noman wani ɓangare na latas da alayyahon da ke zuwa kasuwa. Yaron da ya gane cewa abin da ya jefa a kwata yana iya komowa cikin kwanon abincinsa, ya gane darasin.

Gwaji biyu ƙanana suna ƙarasa wannan. Na farko, fasa gindin gwangwani, dasa shi kaɗan a ƙasa, zuba kofi ɗaya na ruwa, a ƙidaya lokacin da zai tsotse: a yashi, a gindin bishiya, a filin da ƙafa ta daddale. Na biyu, ku binne ɓawon ayaba, takarda da leda a rami ɗaya da farkon damina, ku kafa alama, ku tone bayan mako shida.

Tambayi tsofaffi

Sunayen unguwanninmu kansu darasi ne. Kurna, Ɗorayi, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Kasuwar Rimi, duk itatuwa ne. Ka ba yara aikin gida su tambayi kaka ko wani dattijo abu uku: wace bishiya ce a da a unguwar nan wadda yanzu babu, ina kududdufin da aka cike aka yi gini, wane tsuntsu ne aka daina gani. Kusan kowane aji sai an kawo maganar ungulu. Dattawa za su ce a da tana cike da mayanka da kasuwa, yanzu yaro sai ya girma bai ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya.

Wani tsoho da muka taɓa gayyata ya zauna a kan tabarma a gindin maɗacin nan, yara sun kewaye shi. Ya ce da ni, "Malam, ka ga inda shagunan can suke? Kududdufi ne, daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina rabin gidajen layin nan, kuma duk ruwan unguwa nan yake taruwa." Wani yaro ya ce, "Baba, to yanzu ina ruwan yake zuwa?" Tsohon ya ce, "Gidanku, ɗana." Abin da na yi mako biyu ina ƙoƙarin bayyanawa, ya gama shi a kalma biyu.

Babbar fita

Sau ɗaya a zango, in hali ya yi, ku je nesa kaɗan. Dutsen Dala ne zaɓina na farko, da sassafe, da manya aƙalla uku, kuma babu gudu a matakala. Daga sama a nuna musu Goron Dutse, Gidan Sarki, Kasuwar Kurmi da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da abin da ya rage na ganuwa. Su zana taswira, su sa alama inda suka ga kore da inda rufin kwano ne zalla. A marinar Ƙofar Mata za su ga yadda ake haɗa baba da toka a samu shuɗi. Gidan Makama zai nuna musu ginin ƙasa da azara da sanyin da yake riƙewa. Gidan Zoo na Audu Bako ma yana da amfani, amma ka ba su tambayoyi a takarda tun daga makaranta, in ba haka ba za a dawo da labarin biri kawai.

Dashen bishiya

Ranar 5 ga Yuni ce ranar muhalli ta duniya, 17 ga Yuni kuma ta yaƙi da kwararowar hamada da fari, duka sun faɗo a farkon damina. Kano na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, ya ratsa. Ga kuma hadisin da yaranmu suka sani daga Islamiyya, cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Saboda haka shawo kan yara da iyaye ba wuya. Wuyar tana wajen raino.

A wata makaranta da na koyar mun taɓa dasa sittin a rana ɗaya, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto. Kafin watan Maris huɗu ne suka rage. Awaki sun ci wasu, ƙwallo ta karya wasu, sauran ƙishirwa ta kashe su a hutun Disamba. Har yau ina jin zafin fuskokin yaran da suka zo suka tarar da busassun tsinke. Don haka shawarata, dasa goma ka raya goma.

Ku yi renon irin da kanku a ledar fiya watan da kuka tara: a yanke bakinta, a huda ƙasanta, a cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Zogale yana fitowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Irin darbejiya sai sabo, in ya daɗe a ajiye ba ya tsira. Na tsamiya da na kuka suna da tauri, a jiƙa su a ruwan ɗumi su kwana, ko a ɗan kankare bayansu. Ku dasa bayan ruwa ya zauna sosai, ƙarshen Yuni ko Yuli. Rami ya kai rabin mita a faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da taki, a cire ledar kafin a sa, a danne gefe, a yi masa ɗan gurbi mai riƙe ruwa. A nisanta shi daga gini da kamar mita biyar, kuma kada ya zama a ƙarƙashin wayar lantarki. Keji wajibi ne a ranar, ba gobe ba, ko na ƙaya, ko na kara, ko tsofaffin bulo da aka jera da tazara.

Kowace bishiya a rubuta sunan rukunin da ke da ita. Da rani, buta biyu duk bayan kwana biyu tana riƙe ƙaramin dashe, musamman in an rufe gindinsa da busasshen ganye. In akwai wurin alwala a makarantar, ku ja 'yar hanya ruwan ya riƙa gangarawa gindin ɗaya ko biyu.

Bayan kowace fita a ba da minti goma a cikin aji, kowane rukuni ya karanta abin da ya rubuta, a ɗora alƙaluman a babban kwali a bango. Wannan littafin rukuni shi za ka duba ka ba da maki, shi za ka nuna wa hedimasta da jami'in duba makarantu in sun tambaya.

Mako guda kafin kowane hutu, ka zauna da maigadi da yara huɗu ko biyar da gidajensu ke kusa, da yardar iyayensu. A rubuta ranakun ban ruwa da sunan mai kowace rana, a manna ɗaya a ɗakin maigadi, ka riƙe ɗaya. A cika duro, a gyara kejin da ya karkace, a auna tsawon kowane dashe a rubuta. Ranar da aka dawo, kafin a shiga aji, a ɗauko igiyar awo a sake aunawa.